Kujera Ta Sha Bakwai

Ƙarfe huɗu na asuba, a tashar motar Yamai,
mutum biyu suka tsaya kan kujera ɗaya:
tsoho Barma, da takardar likitan ido a aljihu,
da Tsahara mai jakunkunan fata daga Birni.
Kowa ya miƙa tikiti.
Sha bakwai. Sha bakwai.
Kowa ya biya, kowa da hatimi,
ba wanda ya yi ƙarya.

Ni aka tasa daga barci,
don ni na rubuta manhajar.

Da hantsi na bi sawun abin.
Falmata a tagar tasha, Ilu a reshen Kasuwar Dole,
jiya, goma da minti shida,
sun buɗe layi ɗaya a lokaci ɗaya,
kowa ya gan shi wayam.
Falmata ta rubuta Barma, ta danna ajiye.
Ilu ya fita neman canjin jaka biyar,
ya dawo yana share zufa, ya danna nasa.
Sunan Tsahara ya hau kan na tsoho ya zauna.
Rumbun bayanai bai ce uffan ba.
A wurinsa wanda ya zo ƙarshe shi ke da gaskiya.

Sai na ɗauko kwado.
Na ce duk wanda ya taɓa layi,
nasa ne har ya saki.
Aka kwana uku lafiya.
Ran na huɗu Ilu ya buɗe kujera ta tara,
aka kira la'asar, ya tashi,
daga masallaci ya zarce gaisuwar rasuwa a Garin Malam.
Tara ta kwana a kulle,
mota ta tashi da gurbi,
mai kamfani ya cire kuɗinta a albashina.

Wata rana kuma Falmata ta kama biyar tana jiran shida,
Ilu ya kama shida yana jiran biyar,
kamar amalanke biyu a lungun Birni,
dutse a dama, katanga a hagu,
ba mai ja da baya.
Fasinjoji suka yi ta taruwa har bakin titi.

A gida na tsinci abin.
Ina alwala na ga Iya Gaji da butarta
ta tsaya daga nesa da bayi,
ta yi gyaran murya.
Daga ciki aka amsa da tari.
Ta koma kan turmi ta zauna.
Ba ƙyaure, ba sakata, zana ce kawai,
kuma tun ina yaro ban ji an yi kicibis ba.

A daren nan na ba kowane layi lamba,
mai ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka taɓa shi.
Ka ɗauka yana huɗu,
ka dawo ajiyewa ka tarar da biyar,
sai allo ya tsayar da kai:
wani ya riga ka, sake dubawa.
Kwadon ma na bar shi, amma na rage masa kwana:
minti uku, ya buɗe da kansa,
ko mai shi na cikin sahu.

Ilu ya ce rubutun na ba shi haushi.
Falmata ba ta ce komai ba, ta riga ta saba.

Ita kuwa sha bakwai ta wancan asuba,
Tsahara ce ta dubi idon tsoho, ta ga hazon da ke ciki,
ta jawo jarka ta zauna a tsakiyar mota,
Maraɗi, Ƙonni, Doso, har Yamai,
jakunkunanta a cinya.

Har yau in ta zo yankar tikiti ta gan ni a bayan taga,
sai ta ɗaga takardar sama:
"Yaro, wannan karon mu nawa ne a kanta?"